Kamarar da Muka Ɗora a Kan Tanki

Zuwa ga ɗiyata Ige,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin lafiya, ko a mota kika buɗe ta, ko sai kin sauka Abuja kin sha ruwa kin huta. Allah ya tsare muku hanya tun daga nan Jega har Maiyama, har Koko, har Yawuri, har Kontagora, ya ba direbanku natsuwa, ya kawar da idon mugu daga kanku.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don yanzu haka kina ɗaki kina ninke kaya, ina jin motsinki. Kin san halina. Ke ce ta fari, ba na iya zaunar da ke in dube ki in yi doguwar magana. Da na fara sai bakina ya yi nauyi, in ce ki je ki duba tukunya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Makon jiya da Baffanki Sani ya zo daga Aliero, kina ciki kina jin abin da ya ce. Ya zauna a kan tabarma ya jero mini abin da ya kira kurakuraina, tun daga ranar da na bar ki kika ɗora kamara a kan gidanmu har zuwa yau da na yarda ki tafi aiki garin da ba mu da kowa. Ban tanka masa ba. Ƙanen mahaifinki ne, kuma tun da Allah ya yi wa wansa Malam rasuwa bai taɓa juya mana baya ba, ba zan ɗaga masa murya ba. Amma kada ki ɗauki shirun nan a matsayin yarda. Ke ce kike da haƙƙin jin amsata, don ke za ki tafi da maganar a ranki. To ki ji: duk abin da ya lissafa ni na yi shi, da sanina na yi shi, kuma da za a maido da ni baya sai na sake.

Bari in fara daga tushe, don na lura ke kanki kin soma mantawa. Lokacin da nake aikin jinya a Maiyama, ɗakin da muke kwantar da yara tagoginsa yamma suke kallo. Da bazara, daga azahar rana take shigowa ta zauna a kan gadaje. Yaro yana fama da zazzaɓi, ga rana a kansa. In na ja labule ɗaki ya yi duhu, ba na ganin jijiya. In na buɗe, uwaye su yi ta kare 'ya'yansu da gyale. Wata rana da damina aka kawo wata yarinya daga ƙauye, amai da gudawa sun tsotse ta, jijiyarta ta ɓuya. Na daɗe ina nema, da ƙyar na samu wata siririya a bayan hannu. Ina shirin soka allura sai hadari ya taso ya rufe rana, ɗakin ya yi duhu lokaci guda. Hannuna ɗaya riƙe da na yarinyar, ɗaya riƙe da allura, makunnin fitila yana can bakin ƙofa. Na ce wa uwar ta kunna, ba ta san inda yake ba, ta yi ta shafa bango tana kuka. Kafin haske ya zo jijiyar ta suɓuce mini. Allah ya sa yarinyar tana da sauran kwana, daga baya muka samu wata a ƙafa. Da yamma na dawo gida.

Kina hutun shekararki ta farko a jami'a. Na ba ki labarin muna tsintar shinkafa, sai kika ce, "Inna, to me zai hana ɗakin ya san hadari ya taso, ya kunna wa kansa wuta?" Na ce ki bar shirme ki tsince tsakuwa.

Ba ki bari ba. Da kika kai shekarar ƙarshe sai kika mai da shi aikin kammala karatunki. Kika shigo gida da kamara mai gilashi kamar rabin ƙwai, fuskarta sama, da 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanki girma ba, da labulen taga na siraran ƙarafa da ɗan inji yake juyawa, da ƙwan fitila da haskensa yake ƙaruwa yana raguwa. Kika ce kamarar za ta riƙa duba inda rana take, da inda girgije yake, da inda iska take kora shi. In rana za ta bugi taga, a karkata labule tun ba ta shigo ba. In hadari zai rufe ta, a buɗe labule a ƙara fitila tun duhu bai iso ba. Kina ta tsoron ban gane ba. Na gane sarai, don na san ranar da na buƙace shi.

Wuri mafi tsawo a gidanmu shi ne ƙarfen da tankin ruwa yake kai. Na ce ki hau ki ɗora. Wannan shi ne abu na farko da Baffanki ya riƙe.

Ba a jima ba maƙwabcinmu Malam Umaru ya yi sallama a zaure. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Hajiya, mi na na wanga abu da anka aza bisa tanki?"

Na ce, "Kamara ce, Malam."

"Kamara! Ke da bakinki! Bisa gidajen mutane? Matanmu na wanka, ɗiyanmu na tsakar gida ba lulluɓi. A hidda shi yau, ko in tahi wurin mai unguwa."

"Sama take kallo, Malam, ba ƙasa ba."

"Wa ka ɗaukar hoton sama? Mi za a gani cikinta?"

Ya kaɗe riga ya fita. Daga nan magana ta bi unguwa gida-gida. Aka ce ɗiyar Hajiya tana ɗaukar hoton mata tana aika wa Turawa ta waya. Matan da suka saba zuwa in auna musu jini suka ɗauke ƙafa. In na fita, a amsa gaisuwata da ƙyar. Baffanki ya bugo waya ya ce a sauke abin kafin a zubar wa gidan ɗan'uwansa mutunci. Na fito daga ɗaki na same ki a gindin tanki da sifana a hannu, idonki ya yi ja. Na fizge sifanar na cusa ta cikin buhun gero, na ce, "Wanda ya ɗora ki a kan wannan aiki bai ce ki sauke ba."

Wurin maza ban je ba, don ba su ne masu wankan ba. Na yafa mayafi na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, na ce wa mata, "Bayan la'asar ku zo ku ga abin da take gani da idonku. In kun ga ko ɗan yatsan wata, ni da kaina zan hau in karyo ta." Suka zo suka cika tsakar gida, Hajiya Kulu matar Malam Umaru tana gaba, ta haɗe rai. Kika buɗe kwamfutarki. Sai ga da'ira shuɗiya, ga farin girgije yana tafiya a hankali, ga rana kamar ɗigon mai a gefe, har wata shirwa ta gitta. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe haka sama take in an tara ta wuri guda."

Har na fara jin daɗi, sai Hajiya Kulu ta matso ta kafa yatsa a can bakin da'irar. "Wancan fa? Tagar benenmu ce. Ga zanena rataye." Muka duba. Gaskiyarta ce. Benensu ya fi tankinmu tsawo, kamarar tana kamo gefen tagar, ɗan mitsitsi, amma tana kamowa. Kika ce za ki goge wurin a cikin kwamfuta. Ta ce, "Ni ban san cikin kwamfuta ba." Sai kika ce, "To zan yi wanda za ki gani daga tagarki." Washegari kika je wurin mai walda ya yanko miki zoben kwano, kika kewaye kamarar da shi, ya tare mata duk abin da ba sama ba. Hajiya Kulu ta leƙo daga bene ta gani, ta dawo ta sake duba kwamfuta, ta ce shi ke nan.

Ki riƙe wannan, Ige. In an taso miki da zargi, kada ki firgita ki rushe aikinki, kuma kada taurin kai ya toshe miki kunne. A cikin surutun mutane wani lokaci akwai 'yar gaskiya. Ki nemo ta, ki gyara ta a bainar jama'a yadda mai ƙorafi zai gani da idonsa, sauran surutun kuma ki bar musu kayansu. Kada ki jira a ba ki haƙuri. Malam Umaru har yau bai ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Matan sun dawo awon jini, kamara tana nan inda take, ya ishe ni.

Sannan ki sani, tsoron da matan nan suka ji ba wauta ba ce. A can za ki riƙa ɗora irin wannan kamara a kan gine-ginen da suka fi na kowa tsawo. Wata rana wani mai gini zai ce miki, tun da ga ta nan, ki ɗan karkata ta ƙasa ta riƙa duba masa ma'aikata, ko gidan da ke maƙwabtaka. Ki ce a'a. In ya ce aikin zai tafi, ya tafi. Na tsaya a gaban matan unguwar nan na rantse musu cewa abin da ɗiyata take ƙerawa sama yake kallo, kada ki mai da ni maƙaryaciya a garin da ba na gani.

Abu na biyu da Baffanki ya ambata shi ne abin da ya faru a asibitin Sista Rifkatu. Kin san ta tun kina ƙarama: mutuniyar Zuru, Kirista, mun yi shekaru muna aiki ɗaki ɗaya, da ta ajiye aikin gwamnati ta buɗe ɗan asibitinta a Maiyama. Ni na je na roƙe ta ta bar ki ki gwada abinki a ɗakin da take kwantar da marasa lafiya. Ba ta yi musu ba. Kwanakin farko komai lafiya, rana tana juyawa labule yana binta. Sai aka wayi gari da irin giragizan nan na farkon damina, gutsi-gutsi, iska tana kora su da gudu. Duk wanda ya gitta gaban rana sai labule ya buɗe, fitila ta haska. Ya wuce, labule ya rufe, fitila ta dushe. Buɗe, rufe, buɗe, rufe, ƙarafa suna ƙara, ba hannun kowa. Wata tsohuwa da ake ƙara wa ruwa ta diro daga gado ta yi waje da robar a hannu tana salati, tana cewa iskoki sun shigo ɗaki. Sauran suka bi ta.

Labari ya riga mu isowa gida Jega. A wurin wani suna wata ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Hajiya, ina aljannun ɗiyarki?" Aka fashe da dariya. Na ce, "Lafiya lau suke, suna makaranta, in sun gama karatu za su zo su gaishe ki." Na ci tuwona na tashi. Amma da na dawo gida na same ki kin rufe ƙofa, kin ƙi abinci, kina cewa za ki je ki kwance komai ki nemi wani aikin kammalawa mai sauƙi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce miki ba mai kwance komai. Na kira Sista na sa wayar a kunnenki, ta ce, "Ige, ni ban ce ki cire ba. Tsohuwa ta dawo gadonta, na ba ta haƙuri. Ki zo ki gyara abinki."

Na sa ki a mota kina kuka. An ce na yi rashin tausayi. Na ji, ban damu ba. Kika koma ɗakin da aka yi miki dariya, kika zauna a kan benci kwana da kwanaki kina kallon taga kina kallon kwamfuta, masu jinya suna nuna ki da baki. Ke da kanki kika gano gyaran: kika koya wa na'urar kada ta zabura don ɗan guntun girgije, ta bambance mai wucewa da hadarin gaske, in za ta juya labule ta juya a hankali ba ƙara. Kuma kika sa makunni a bango kusa da gadaje, wanda duk ya ga hasken bai yi masa ba ya taɓa, na'ura ta bi abin da ya ce. Kafin damina ta ƙare Sista ta kira ni tana dariya, ta ce tana ɗinke wa wani manomi ƙafa hadari ya taso, sai da ta gama ta ɗago kai sannan ta lura waje ya yi baƙi, ɗaki kuwa haskensa bai canja ba. Na ajiye wayar na shiga ɗaki na yi sujada.

A Abuja ma abinki zai ba ki kunya wata rana, a gaban manya masu manyan riguna. Ba makawa. In ya faru, kada ki ɓuya, kada ki ɗora wa wani, kada ki aika wani ya je a madadinki. Ki saka takalmi ki koma wurin da aka yi dariyar, ki zauna har ki gane. Kuma makunnin nan na bango, kada ki yarda a hana ki sa shi. Za ki haɗu da masu cewa a kulle komai, kada ma'aikata su taɓa, na'ura ta fi su sani. Na'ura tana ganin sama, amma ba ta san wadda kanta yake ciwo ba, ba ta san tsohon da idonsa ya raunana ba. Wanda yake zaune a ɗaki shi ne mai ɗaki. Ki yi musu a kan wannan ko da ke kaɗai ce a teburin.

Sai maganar faɗuwarki, wadda ita ce ta fi ci wa Baffanki rai, kuma ban ga laifinsa ba. Tattabarun unguwa sun mai da zoben kamarar wurin hutu, suna ɓata gilashin, dole a riƙa hawa ana gogewa. Ranar an yi yayyafi, ƙarfe yana santsi, kika hau da silifas kina sauri. Ina madafa na ji ƙarar. Na fito na same ki a ƙasa, wuyan hannunki ya karkace. Na ɗauki waya na kira Aliero. Baffanki ne ya zo da mota, muka fara zuwa aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ya kai ki wurin masu ɗori a Aliero, ya tsaya a kanki har aka gama. Wannan alheri kada ki manta masa da shi.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da irin tasa. "Ishara ce, Hajiya." "Dama mace da hawan ƙarfe?" Baffanki ya ce, "Ai ga shi nan kin gani. Daga yau ba ta ƙara hawa." Hannu ya warke, amma na lura in kin zo gindin tanki sai ki ɗaga kai ki duba, ki wuce. Gilashi ya yi dauɗa, hoton sama ya koma dishi-dishi, labulen ɗakinmu ya fara rufewa ba dalili. Na tambaye ki, kika ce za ki nemi wani ya hau. Na gane ba hannun ne bai warke ba.

Kin tuna abin da na yi. Da hantsi na ɗaura zane tamau, na cire takalmi, na soke tsumma a ƙugu, na kama ƙarfe. Ni da gwiwar nan tawa mai ciwo. Ina tsakiya kika fito kika ƙwalla ihu.

"Inna! Don Allah ki sauko!"

Na ce, "Ba na saukowa."

"Za ki faɗo, Inna!"

"To in kina tsoron in faɗo, hawo ki karɓi tsumma."

Ban duba ƙasa ba, don da na duba da na saki. Ina jin Hajiya Kulu daga bene tana cewa, "La ilaha illallahu, Hajiya ta haukace!" Sai na ji ƙarfen yana motsi a ƙarƙashina, na ji numfashinki a ƙafata. Kika zare tsumman daga ƙuguna, kika raɓa ni kika wuce sama, kina goge gilashi kina faɗa da ni kina hawaye. Da muka sauko ba ki yi mini magana ba har yamma. Ni kuwa gwiwa ta hana ni sallah a tsaye har aka kwana biyu. Ko yanzu na tuna sai in yi dariya.

Ban ce ki yi ganganci ba. Ganganci ne ya karya ki, ba hawa ba. A can gine-ginen ba tankinmu ba ne, wanda ya faɗo ba ɗori za a kai shi ba. Ki ɗaura igiyar tsaro ko da na minti kaɗan ne, ki sa takalmin aiki, kada ki hau in ƙarfe yana da laima, kada ki hau ba wanda ya san kin hau, kuma duk mai gaggawa ya jira. Amma ki hau. Za a samu maza masu kirki da za su ce, "Injiniya, zauna a ofis, mu za mu hau miki." Ki gode musu, ki bi bayansu. In kika saba zama a ƙasa, wata rana za ki sa hannu a kan aikin da ba ki gani ba, in ya lalace sunanki za a kira.

Da kamfanin nan na Abuja suka ga aikinki suka neme ki, Baffanki ya ce ba ki da aure, ba mu da dangi a can, wa zai sa miki ido? Da ya ji kuma gidan Madam Talatu, ƙanwar Sista Rifkatu, za ki sauka, sai ya ce abin ya kai maƙura, ɗiyar Malam a gidan Kirista. To ni na san gidan da na zaɓa. Ni da Sista Rifkatu mun ci abinci kwano ɗaya, ta tsare mini ɗakin marasa lafiya ina sallah, na tsare mata ranar Lahadi. Da mahaifinki ya rasu ita ta kwana a nan tana wanke kwanukan masu ta'aziyya. Ƙanwarta ta riga ta ware miki ɗaki, har ta tambaye ni ina gabas take a gidanta don ta san yadda za ta sa gado. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, a gida da wurin aiki, ba tare da neman izinin kowa ba kuma ba tare da nuna wa kowa ba. Ki girmama gidan mutane da ibadarsu. Ki tashi ki yi shara, kada ki zama baƙuwar da ake dafa wa.

In sun ji kin ce "tahi" ko "lahiya" sun yi dariya, kada ki murɗe harshenki don ki yi kama da su. Ki bar su su saba. In an tambaye ki inda kika koyi aiki, kada ki yi ƙasa da murya. Ki ce a Aliero kika yi karatu, a Jega kika ɗora ta farko, a Maiyama ta ba ki kunya kika gyara ta. Maganar aure kuwa lokaci ne, in ya zo ki kawo mana shi gida mu gan shi da rana. Amma ki faɗa masa aikinki tun ranar farko, da hawan da komai, ki dubi fuskarsa sa'ad da kike faɗa.

Baffanki kuma kada ki riƙe shi a zuciya. Tsoro ne yake sa shi faɗa, ba ƙiyayya ba. Duk Juma'a ki kira shi ki gaishe shi, ki tambayi gonar albasarsa ta ƙauyen Sabiyal, ko da "uhm" kawai zai ce miki. Ki yi masa ladabi iyakar ladabi. Ladabi daban, ajiye aikinki daban, kada ki haɗa su.

Ɗazu da rana ya aiko mini da saƙo. Ya ce tun da na ƙi ji, to aƙalla a fitar da ke da asuba ta ƙofar baya, a sa ki a mota ba wanda ya gani, kada a yi ta yi da mu. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi da kyau, ya ce masa ba sata muka yi ba. Gobe sai rana ta fito sosai, sai kowa ya buɗe shagonsa, sannan za mu fita ta ƙofar zaure. Ta bakin kasuwa za mu bi har tasha, a ƙafa. Akwatin kayan aikinki ni zan ɗauke shi a kaina. Duk wanda ya tambaya ina za ki, ba sai kin amsa ba. Ni zan tsaya in faɗa masa, da ƙarfi, yadda na bayansa ma zai ji.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu fuska biyu. Ya tsare miki mutuncinki da imaninki da ƙashin jikinki. Ya sa albarka a hannunki, ya sa abin da za ki ƙera ya zama sauƙi ga bayinsa. Ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini hawan tanki.

Ƙofar gidan nan a buɗe take gare ki kowace rana. Amma kada ki dawo don an yi miki dariya. Ki dawo don kin yi marmarinmu.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Jega.